Ladubban Shiga Kogo, Ga Mai Tashi Daga Gyadi-Gyadi Ko Tarauni

Mutumin da aka haifa a Gyadi-Gyadi ko Tarauni, ya tashi a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa wadda babu wani tudun kirki a cikinta sai Dala da Goron Dutse can cikin ganuwa, ya san kogo tun yana riƙe da allo, domin ya ji labarin As'habul Kahfi waɗanda suka yi barcin shekara 309, yana kuma jin ana karanta surarsu kowace Juma'a. Ya ji labarin Kogon Hira inda wahayi ya fara sauka, da Kogon Saur inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɓuya tare da Sayyidina Abubakar a shekarar Hijira. Sai dai wannan sani na kunne ne, ƙafarsa ba ta taɓa taka duhun da ke ƙarƙashin dutse ba. Ga shi kuwa a zamanin nan makarantun boko da na Islamiyya da ƙungiyoyin samarin Darmanawa da Unguwa Uku da Hotoro sun ɗauki al'adar yin shatar mota su tafi yawon buɗe ido, abin da nake yabawa ƙwarai, amma galibi za ka tarar an yi tanadin abinci da lemo da abin ɗaukar hoto, ba a tanadi komai ba domin kogon da aka ce za a shiga. Saboda su na rubuta wannan, musamman malamin da za a damƙa wa amanar 'ya'yan mutane.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne kogo iri-iri ne, kuma irin dutsen da ke wuri shi ke hukunta irin kogon da za a samu. Manyan kogwannin duniya, waɗanda mutum zai yini yana tafiya a ciki bai ga ƙarshensu ba, akasarinsu a cikin dutsen farar ƙasa suke, irin wanda ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka ta Gombe domin yin siminti. Ruwan sama, yayin da yake ratsa iska da ruɓaɓɓen ganyen da ke cikin ƙasa, yakan ɗauki ɗan tsami wanda harshe ba ya ji, ya bi tsagar dutsen yana narkar da shi sannu a hankali, har bayan dubban dubban shekaru tsaga ta zama rami, rami ya zama lungu, lungu ya zama fili mai rufi wanda za a iya yin sallar Idi a cikinsa. Kogon Mammoth da ke Jihar Kentucky ta Amurka irin wannan ne, kuma abin da aka auna na hanyoyinsa ya haura kilomita 680, wato ya ninka tafiyar Kano zuwa Bauchi sau biyu da ɗoriya. Haka kuma Kogon Jeita na ƙasar Labanan, mahaifar Kwarorin da muka daɗe muna zaune da su a Kano, wanda ɓangarensa na ƙasa sai da kwalekwale ake shiga. Ƙasar Kano kuwa a kan tsohon dutse mai tsananin tauri take zaune, irin wanda ake fasawa a yi tsakuwar gini, ruwa kuma ba ya narkar da shi. Iyakar abin da ake samu a nan sai mafaka a ƙarƙashin manyan duwatsun da suka jingina da juna. Don haka kada wani ya yi wa ɗalibai alkawarin abin da suka gani a talabijin alhali Birnin Kudu zai kai su.

Ba raina Birnin Kudu nake yi ba. Hasali ma nan nake ganin ya dace a fara. Tana kimanin kilomita 130 daga Kano, cikin Jihar Jigawa, kuma wanda ya kama titin Maiduguri daga Tarauni da sassafe, ya wuce Hotoro da Mariri da Wudil da Kwanar Huguma, zai isa da hantsi ya dawo gida kafin magariba. A mafakun Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu akwai zanen shanu da mutanen da suka gabata suka yi a jikin dutse, waɗanda Bature masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya bayyana wa duniya a tsakiyar shekarun 1950, tare da wasu duwatsu masu amo idan an buga su da ƙaramin dutse. Abin lura ga mai tadabburi shi ne shanun da aka zana ba su da tozo, saɓanin waɗanda Fulaninmu ke kiwo a yau, wanda ke nuna cewa ƙasar nan ta ga wasu dabbobi da wasu makiyaya kafin namu. Wuraren suna ƙarƙashin kulawar hukumar ƙasa mai kula da gidajen tarihi, ita ce kuma ke riƙe da Gidan Makama a nan Kano, saboda haka mai shirya tafiya ya fara zuwa can ya nemi bayani da izini. Idan ya isa garin kuma ya gai da masu sarauta, ya nemi a haɗa shi da wanda ya san duwatsun. A nan yara za su koyi sunkuyawa, da jeruwa bayan ja-gora, da kame hannu daga taɓa abin da aka hana, ba tare da hasken rana ya ɓace musu ba.

Mataki na biyu shi ne Yankari, cikin Ƙaramar Hukumar Alkaleri ta Jihar Bauchi. Daga Birnin Kudu hanya na bi ta Babaldu da Ningi zuwa Bauchi, sa'an nan a kama titin Gombe har Dindima, a karkata kudu zuwa ƙofar gandun da ke Mainamaji, daga nan kuma a ƙara fiye da kilomita 40 cikin daji kafin a kai masaukin Wikki. Tafiya ce ta yini guda, kuma wanda ya ce zai je ya dawo a rana ɗaya ya zalunci direbansa da fasinjojinsa. An keɓe gandun a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, faɗinsa kuma murabba'in kilomita 2,244. Mafi yawan masu zuwa giwaye suke nema da wanka a maɓuɓɓugar Wikki, wadda ɗuminta ba ya sauka daga kimanin digiri 31 rani da damina, sai su dawo ba su ji labarin kogwannin da ke 'yan kilomitoci daga masaukinsu ba. Su ne ake kira Kogwannin Marshall, da sunan P. J. Marshall wanda ya ba da rahotonsu a 1980: ɗakuna 59 da hannun ɗan Adam ya sassaƙa a jikin gangaren dutsen yashi, kowanne da zagayayyar ƙofa wadda ba ta wuce rabin mita ba sosai, sai mutum ya durƙusa ya tura kai da kafaɗa kafin ya tarar da ɗaki a ciki. Akwai kuma Rijiyoyin Dukkey, fiye da 130, waɗanda aka haɗa su da juna ta ƙarƙashin ƙasa domin tara ruwa. Ba a zuwa ko ɗaya daga cikinsu sai da ma'aikacin gandu, kuma wannan doka ce ta hankali, domin dajin na namun daji ne, mu baƙi ne.

Wanda kuwa ke son kogo na haƙiƙa, mai lunguna da ruwa da duhun da ba rana a bayansa, sai ya ƙetare Kwara zuwa Ogbunike, cikin Ƙaramar Hukumar Oyi ta Jihar Anambra, kusa da Anaca, wato Onitsha, garin da manyan motoci daga Kano ke zuwa. Ana sauka zuwa bakin kogon ta matakala 317 cikin kwari mai duhuwar itatuwa. A tarar da babban zaure mai tsayin kimanin mita 5, faɗin mita 10, tsawon mita 30. Daga shi kuma hanyoyi 10 suka rabu, kowace ta nufi nata ɓangare, wasu a miƙe ake bin su, wasu da rarrafe cikin ruwa. Ruwan da ke fitowa daga kogon yana zuba a cikin rafin Nkisa, kuma a mahaɗarsu mutum zai iya jin ɗumin ɗaya da sanyin ɗaya a ƙafafunsa. Tun 2007 Najeriya ta sa wurin cikin jerin waɗanda take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin wuraren tarihi na duniya. Wannan tafiya ta manya ce, ba ta 'yan makaranta ba, kuma tana buƙatar a tuntuɓi 'yan'uwanmu 'yan kasuwa mazauna can game da halin hanya, a kuma kauce wa ranar Litinin, wadda daga 2021 zirga-zirga ta riƙa tsayawa a cikinta a sassa da yawa na yankin.

Yanzu mu zo ga ginshiƙin al'amarin, wanda idan ya gyaru saura mai sauƙi ne: ja-gora. Samarinmu suna da wata ɗabi'a ta ganin neman ja-gora ragwanta ce ko ɓarnar kuɗi, sai ka ji ana cewa ai ga waya, ga taswira a ciki. To, su tuna cewa mafificin halitta, a tafiyar da Allah da kansa ya yi masa izini, bai fita daga Makka ba sai da aka yi ijara da Abdullahi bin Uraiƙiɗ, mutumin da a lokacin yana kan addinin Ƙuraishawa, amma ƙwararre ne a sanin hanya kuma amintacce. Aka ba shi raƙuma biyu, aka yi masa alkawarin haɗuwa a Kogon Saur bayan dare uku, ya zo, ya bi da su ta hanyar bakin teku. Abu biyu aka duba a gare shi, ƙwarewa da amana, kuma su za ka duba ga wanda zai shige gabanka, ko Bahaushe ne ko Ibo, ko Musulmi ne ko ba Musulmi ba. Ka neme shi ta hannun hukumar wurin ko masu garin, ka ƙi yaron da ya tare ka a bakin hanya yana cewa ya san ko'ina. Kafin a yi ciniki ka zauna da shi, ka kira shi da girmamawa, Malam ko Baba gwargwadon shekarunsa, ka tambaye shi: awa nawa za a yi a ciki, ta inda aka shiga za a fito ko ta wata ƙofa, akwai wurin rarrafe, ruwa yana kai ina a jiki, yaushe rabonsa da bin wannan hanya, me ake yi idan wani ya kasa. Wanda ya amsa waɗannan dalla-dalla, har ya ce akwai lungun da ba zai kai ku ba, shi ne mutuminka. Wanda duk tambayar da aka yi masa ya ce babu komai, ka yi masa godiya ka nemi wani. Kuma a yanke lada tun a waje, kowa ya ji.

Sa'an nan lokaci. Ba a shiga kogo mai ruwa da damina, ko da sama ta yi garau a inda ake tsaye, domin ruwan da ya sauka a wani tsauni mai nisa yana iya isowa ta ƙarƙashin ƙasa bayan sa'o'i ya cike lungun da aka ratsa a bushe. Duniya ta ga haka a Kogon Tham Luang na ƙasar Tailan, inda yara 12 'yan ƙwallon ƙafa da mai horar da su suka shiga ranar 23 ga Yuni 2018, ruwa ya toshe musu hanya, ba a gan su ba sai ranar 2 ga Yuli, kimanin kilomita 4 daga ƙofa, ba a gama fito da su ba sai 10 ga wata, bayan ƙwararren mai ninƙaya Saman Kunan ya rasa ransa wajen kai musu iskar shaƙa. Yara ne da suka san kogon, damina ce kawai ta riga lissafinsu. A wajenmu lokacin da ya dace shi ne daga Disamba zuwa Maris, bayan ƙasa ta tsane, kafin zafin bazara ya tsananta. A Yankari ma a wannan tsakanin ciyawa ta kwanta, hanyoyin cikin daji sun bushe. A kudu damina tana riga tamu sauka tana kuma daɗewa, saboda haka mai zuwa Ogbunike kada ya yi lissafi da kalandar Kano.

Game da kaya, fitila ce gaba da komai. Ƙa'idar masu wannan fanni ita ce kowane mutum ɗaya ya riƙe haske uku masu zaman kansu: babbar fitila ta goshi, irin wadda mafarauta ke ɗaurawa, domin hannuwa biyu su zama a sake, ƙaramar tocila a aljihu, da wata ta uku a jaka, tare da sabon batir a ƙulle cikin leda. Tocilar waya ba ta shiga lissafi, domin caji na ƙarewa, ruwa na kashe ta, kuma faɗuwa ɗaya a kan dutse ta isa. Ita kanta wayar ba ta da sabis da zarar dutse ya rufe kanka. Ba a shiga da aci-balbal ko kyandir ko wutar kara, saboda hayaƙinsu yana shaƙe mutane, yana tayar da jemagu, yana kuma baƙanta bango. Bayan fitila sai hular kwano, ko ta magina ko ta masu babur, domin raunin da aka fi samu a kogo shi ne na kai, lokacin da mutum ya miƙe bai lura da rufi ba. Babbar riga da malum-malum a bar su a mota. A sa wando mai kauri da riga mai dogon hannu waɗanda ba a jin ciwon lalacewarsu, da kambas mai ƙasan roba mai kama dutse, ban da silifa da takalmin fata mai santsi. Mata su sa dogon wando a ƙarƙashin riga, da hijabi matsakaici wanda ba ya jan ƙasa, domin dogon hijabi mai taka shi ita ce mai shi, a kan gangare. A ƙara da ruwan sha, da dabino ko ƙuli-ƙuli, da usur, da takunkumin hanci, da bandeji da maganin wanke rauni, duk a cikin jakar goyo ƙarama.

Kada jama'a ta gaza mutum huɗu, domin idan ɗaya ya ji rauni ɗaya ya zauna da shi, biyu su fita neman taimako. Kada kuma ta yi yawan da muryar ja-gora ba za ta kai na ƙarshe ba. Motar da ta ɗauko ɗalibai talatin sai a kasa su kashi uku, kowane kashi da babba a gaba da babba a baya. Mai ciwon asma mai tsanani, da mai ciwon zuciya, da mai farfaɗiya, da mace mai ciki, da wanda ya san ƙuntataccen wuri na tayar masa da hankali, su tsaya a bakin kogo, kuma haramun ne a kan abokai su yi musu gori har su shiga don kunya. A bar mutum guda a waje da takarda mai sunayen waɗanda suka shiga da sa'ar da aka ce za a fito, a gaya masa wanda zai kira idan sa'ar ta wuce da awa ɗaya.

Mas'alar salla ma a warware ta tun a gida. Yankari da Ogbunike sun wuce tazarar ƙasaru nesa ba kusa ba, wadda littafin Risala ya ƙayyade da baridi huɗu, wato mil 48. Amma sharuɗɗan jam'i a mazhabarmu suna da tafsili, sai a tambayi malami kafin tashi. Mafi sauƙi shi ne a shiga da hantsi a fito kafin azahar, domin a ciki ba a ganin rana balle a san lokaci, kuma tufafi ba sa fitowa da tsabtar da suka shiga da ita. A ajiye wasu kaya a mota domin canzawa.

Idan an isa bakin kogo, kada kowa ya riga ja-gora. Shi zai haska ƙofa ya duba sawu da saƙar zuma da saɓar maciji, domin bakin kogo, inda haske da inuwa suka haɗu, ya fi cikinsa haɗari: nan mesa da kububuwa da kunama ke fakewa, nan beguwa da kura ke shiga, nan ƙudan zuma ke kafa gida a tsagar dutse, kuma turare mai ƙarfi da hayaniya na tunzura su. A tsaya a yi bisimilla, a ƙirga mutane da ƙarfi kowa ya faɗi lambarsa, a ba ido minti biyu ko uku ya saba da duhu. Sa'an nan a shiga ɗaya bayan ɗaya, tsakanin kowane biyu tazarar da za ka ga dugadugan na gabanka ba tare da ka taka su ba. Ba a sa hannu a ramin da ido bai gani ba. A wurin hawa ko sauka, gaɓoɓi uku su kasance a dafe kafin a ɗaga ta huɗu, kuma mutum ɗaya ne a kan gangare a lokaci guda, saboda dutsen da ƙafarsa za ta turo. Duk abin da ja-gora ya faɗa, ko rami a dama ko a sunkuya, na bayansa ya maimaita wa na bayansa har ya kai ƙarshen layi. Kuma a kowace mararraba ka waiwaya ka haska hanyar da ka fito, ka riƙe siffarta a zuciya, domin lungu yana da fuska biyu, wadda mai shiga ke gani dabam da wadda mai fita ke gani, kuma mafi yawan ɓata daga nan take farawa.

Akwai abin da ja-gora nagari kan yi idan an kai wuri mai faɗi, kuma idan bai yi ba ka roƙe shi: ya zaunar da kowa, ya ce a kashe fitilu. Duhun da ke biyo baya ba shi da dangantaka da na daren da aka ɗauke wuta a unguwa, wanda akwai tauraro da fitilar mai shayi a cikinsa. Ka kai tafin hannunka har ya taɓa hancinka ba za ka gan shi ba, ko ka jira awa guda. Sai kunne ya karɓi aikin ido: ɗigon ruwa da ba ka ji shi ɗazu ba ya cika wurin, ka ji numfashin na kusa da kai, ka ji fukafukin jemage ya wuce ta gefen kunnenka bai taɓa ka ba. Minti ɗaya ya isa. Fa'idarsa biyu ce: i'itibari ga mai hankali, wanda ba ya buƙatar a yi masa wa'azi a wannan hali, da kuma darasi ga yaron da yake ta wasa da tocilarsa, domin daga nan ba za ka sake ce masa ya adana batir ba.

Haɗari biyu ne ido ba ya gani. Na farko gurɓatacciyar iska mai nauyi, wadda ke taruwa a wurare masu zurfi da ba su da mafita, musamman inda kashin jemage ko ganye ke ruɓewa; masu gina rijiya a ƙasarmu sun san ta, shi ya sa suke zura fitila kafin su sauka. Alamarta haki ba tare da wahala ba, da ciwon kai, da jiri, da ashanar da ke mutuwa da zarar an ƙyasta. Idan mutum biyu suka yi wannan kuka, a juya nan take, ba shawara. Na biyu jemagu, waɗanda suka cika Ogbunike. Su kansu ba sa kai hari, amma busasshen kashinsu yana ɗauke da wata ƙwayar cuta mai shiga huhu idan ƙura ta tashi, kuma masu bincike sun samu nau'inta na Afirka a ƙasar wannan kogo. A gabashin Afirka kuma cutar Marburg ta kashe wasu da suka shiga Kogon Kitum na Kenya a 1980 da 1987, da wata 'yar ƙasar Holan da ta shiga wani kogon jemagu a Yuganda a 2008. Ba don a tsorata kowa na kawo wannan ba, dubbai na shiga suna fita lafiya. Manufa ita ce a sa takunkumi a inda kashi ya taru, a taka a hankali kada a tada ƙura, kada a jefi jemage ko a ɗauki matacce, kada a ci abinci a ciki, kada a sha ruwan kogo komai garai-garai ɗinsa.

Kowane kogo yana da masu shi, kuma suna da dokokinsu. A Ogbunike al'adar mutanen garin ita ce a tuɓe takalmi kafin a shiga, mai haila kuma ba ta shiga, domin wurin yana da matsayi a addininsu na gargajiya, har suna yi masa biki duk shekara mai suna Ime Ogba. Musulmi ba ya shiga cikin wata ibada tasu, ba ya neman tabarruki da ruwa ko dutse. Amma kuma ba ya izgili, ba ya karya dokar masu gida alhali shi ya kawo kansa. Idan zuciyarsa ba ta natsu ba, ya tsaya a sama, babu wanda ya tilasta shi. Tunda ƙafa za ta kasance tsirara, tafiya sai ta ƙara sannu. Batun iskoki kuwa, wanda na san shi ne farkon abin da iyaye mata za su tayar, maganinsa azkar ɗin da muka saba da kiyaye ladabi. Malaman fiƙihu ma sun karhanta yin bawali a cikin rami, don kada a cutar da abin da ke zaune ciki ko a cutu da shi, saboda haka kowa ya kama ruwa tun a waje. Idan yarinya ta faɗi a cikin kogo, a fara fito da ita iska a duba numfashinta, addu'a kuma tana tafe a baki ana tafiya.

Abin da ya fi ɓata mini rai a wuraren tarihinmu shi ne sunayen da matasa ke rubutawa da gawayi ko fenti a jikin dutse, wani lokaci a kan zanen da ya riga kakan kakansu. Gumin yatsa kaɗai yana cin launin zane, haka ruwan da wasu ke watsawa don hoto ya fito. Faransa ta buɗe Kogon Lascaux ga jama'a a 1948, ta rufe shi a 1963, saboda numfashin masu ziyara kawai ya fara lalata zanen. Mu kuwa har ƙusa ake sa wa namu. Haka duwatsun da ke zubowa daga rufin kogwannin farar ƙasa, ga wanda Allah ya kai shi Jeita ko makamancinsa: sau da yawa ba sa ƙara taƙi ɗaya cikin shekara dubu, kuma wanda ya ɓalle ɗaya don ya kai gida ya ɓarnatar da abin da ba shi da ikon mayarwa. Ledar ruwa da mataccen batir su fito tare da mai su.

Idan duk da haka aka jarrabi mutum da rabuwa da jama'a, to ya zauna a inda yake, a wuri busasshe, ya kashe fitila sai lokaci-lokaci, ya riƙa busa usur sau uku yana saurarawa; masu nema za su fara daga inda aka gan shi na ƙarshe, kuma kowane taku da ya ƙara nisanta shi yake yi da su. Idan fitilu suka mutu gaba ɗaya, ba a motsawa ko taku ɗaya. Wanda ya faɗi ya bugi wuya ko baya ba a ciccibar sa sai an sami abin shimfiɗa mai tauri. Wanda maciji ya sara kuwa, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure da igiya tamau. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa, a kuma san cewa a Kaltungo ta Jihar Gombe akwai asibiti na musamman domin saran maciji.

A bakin fita a sake ƙirga mutane da lambobinsu kafin a sallami ja-gora, a cika masa ladansa, a ƙara masa da hasafi idan ya kyauta. A wanke hannu da fuska da sabulu kafin a taɓa abinci, a ƙulle tufafin da aka shiga da su cikin leda, a wanke su dabam idan an isa gida. Aikin malami bai ƙare da sauke yara a shataletalen Dangi ba: ya riƙe takardar sunaye da lambobin iyaye har kwana 21, kuma duk wanda zazzaɓi ko tari ko ciwon ƙirji ya kama a wannan tsakanin, kada a tsaya ga maganin maleriya na kyamis, a kai shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke nan bakin titin Zariya, a gaya wa likita tun kafin ya tambaya cewa yaron ya shiga kogon jemagu, a faɗa masa sunan kogon da ranar da aka shiga.